Shekarar da Na Cire Sunan Lawali

Nafisa, Lawali ƙarami, da ke Halima auta, wannan babin naku ne ku uku. Tun da lokotoron asibiti ya hana ni tsayuwa mai tsawo na samu zaman da ban taɓa samu ba a rayuwata, kuma zama ba ya yi wa mai laifi daɗi. Kun taso kuna jin cewa aminina da kuke ce wa Tonton Lawali ya gaji da Faransa ne ya tattara kayansa ya koma Maraɗi. Ni na faɗa muku haka. Uwarku ba ta taɓa ƙaryata ni a gabanku ba, amma ba ta taɓa maimaita maganar da bakinta ba. Abin da ya faru daban ne, kuma ina so ku ji shi daga wurina tun ina da ikon riƙe alƙalami.

Sai na fara da wasan, don na san ko ku da kuka girma a bakin fili ba ku damu da shi ba, balle 'yan'uwanmu na gida da za su iya karanta wannan. A besbol mutum ɗaya ke tsayawa a tsakiyar fili ya jefa ƙwallo mai tauri kamar dutse, wani na riƙe da sanda yana jiran ya buge ta. Bayan mai sandan akwai mutum na uku, a tsugune, fuskarsa cikin ƙarfe, hannunsa cikin babbar safar fata, shi ke kama ƙwallon in mai sanda ya kuskure. Ni ne mai jifa. Lawali ne mai kamu. 'Yan kallo mai jifa suke gani, shi suke tafa wa. Amma wanda ke tsugune shi ke nuna maka da yatsunsa irin jifar da za ka yi, shi ya san raunin kowane mai sanda, shi ke tasowa ya zo ya dafa kafaɗarka in ya ga hankalinka ya fara tashi. Mai jifa ba tare da mai kamu nagari ba, mahaukaci ne kawai da ke jifa a fili.

A Yamai muka haɗu, muna ɗalibai. Wani mutumin Japan da aka turo koyar da motsa jiki shi ya zo da sanduna biyu da 'yan safofi a cikin jaka, ya tara mu a wani fili mai yashi. Ni na zo daga wani ƙauye na Damagaram inda na yi ƙuruciyata ina korar tsuntsaye daga gonar gero da hoge, saboda haka hannuna ya riga ya san hanya. Sauran yara duk tsoron jifata suke yi. Lawali ne kaɗai ya tsuguna ya ce in jefo. Ya girme ni da shekara uku, ɗan wani mai shagon yadi ne a Maraɗi, ba shi da yawan magana, kuma in ya yi dariya ba a jin sautinta, sai dai ka ga kafaɗunsa na rawa.

Shi ya riga ni zuwa Faransa karatu. Da na iso, shi ya tarbe ni, ya kai ni ɗakinsa a gidan ma'aikata na Montreuil, wanda muke ce wa fwaye, inda 'yan Mali da Senegal suka cika kowane hawa. Gadonsa ɗaya ne, ya bar mini shi wata huɗu yana kwana a kan tabarma, wai bayansa ya fi son ƙasa. Shi ya koya mini shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi ya kai ni inda ake sayar da rigar sanyi mai araha, kuma shi ya gano cewa a bayan gari akwai masu yin wasan nan namu. Karatun kuwa bai yi nisa ba, gare ni da gare shi. Wata ƙungiya a gefen Paris ta ɗauke mu tare. Ba a yin arziki da besbol a Faransa, amma ana ba mu abin da za mu rayu, muna haɗawa da koyar da yara a makarantu. Shekara tara ina jifa yana kamawa. Har wata ƙungiya a Italiya ta kira ni na yi mata shekara guda, na dawo da sauri, don mai kamun da suka ba ni can bai san ni ba, ni ma ban san shi ba. A cikin waɗannan shekarun na auri uwarku Mariyama, wadda ta zo karatun aikin jinya. Lawali ne ya yi mini komai a wannan aure, kamar yayana. Shi ya sa da aka haife ka, ɗana, ba a yi shawarar suna ba.

Daga nan hanyarmu ta rabu. Mahaifinsa ya kwanta ciwo, ya koma Maraɗi ya riƙe shagon, ya yi aure da Zulai, tsohon ya rasu, ya zauna shekara huɗu. Ni kuma na zauna nan, na samu takardun zama na dindindin, daga baya na zama ɗan ƙasa. Kafaɗata ta dama ta mutu a wata rana ta bazara, a tsakiyar wasa. Na ji wani abu ya tsinke a ciki kamar igiyar guga, ƙwallon ta faɗi a gabana. Aka yi mini aiki, amma jifa ta ƙare. Ban taɓa ɗaukar kofi ko ɗaya ba ina ɗan wasa. Sau biyu muna zuwa wasan ƙarshe ana cinye mu. Ku riƙe wannan, don shi ne tsutsar da ta ci ni daga baya.

Wata ƙaramar ƙungiya a gefen Lyon ta neme ni in zama mai horar da ita. Muka tashi daga Montreuil muka koma Vénissieux, hawa na tara a wani dogon bene na Minguettes, inda in iska ta taso sai ka ji tagogi na kuka. Ƙungiyar tana rukuni na biyu, kuma burin shugabanta, wani dattijon Bature da ake kira Mushe Rene, wato Malam Rene a bakinsu, ya ga ta hau rukuni na ɗaya kafin ya mutu. Na duba 'yan wasan, yara ne masu ƙarfi amma babu mai hankalin tsugune a cikinsu. Sai na ɗauki waya na kira Maraɗi. Bayan mun gama gaisuwa na yi masa ta'aziyyar tsohonsa karo na biyu, na ce:

"Yaya Lawali, ina neman ka. Ba ni da mai kamu."

Ina jin ƙarar babura a bayansa. Ya ce:

"Sani, shekarata talatin da huɗu fa. Ga shago, ga iyali."

"Shekara biyu ko uku kawai. Za a yi maka kwantira, takardar aiki, za ka samu katin zama. In abin ya zauna sai ka kawo Zulai da yara."

"To. Tun da kai ka kira."

Bai ƙara tambayar komai ba. Ya bar wa ƙanensa shagon, ya zo. Shekarun da ya yi a gida sun goge duk zamansa na farko a idon masu takardu, saboda haka katinsa na shekara ɗaya ɗaya ne, kuma ba a sabunta shi sai da shaidar aiki. Ni na fi kowa sanin haka, don ni na raka shi layin farko.

Shekara biyun nan su ne mafi daɗi a gidanmu. Nafisa, ke za ki tuna. Yana zaune a wani ɗan ɗaki kusa da tashar taram, jirgin cikin gari, amma duk ranar da babu wasa yana gidanmu. Ya zo da kilishi ko dakuwa in wani ya taho daga gida. Ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafafu don gwiwoyinsa, ke ki hau wuyansa, Lawali ƙarami ya saka safar fatarsa a kai kamar hula. Uwarku ta tuƙa tuwon semul, garin alkamar nan, da miyar kuka, ya ci ya ce bai kai na Zulai ba, ta ce to ya tashi ya tafi wurin Zulan. Shi ya koya muku Fatiha, ba ni ba. Ni a lokacin ko ina gida hankalina na kan takardun wasa. A fili kuma ya gyara mini yaran. Masu jifan da ke rawar jiki suka natsu. Shekarar farko muka zo na huɗu, ta biyu muka kai wasan da in an ci za a hau sama, aka cinye mu da tazara kaɗan. A wannan wasan kowa ya ga abin da ni na daɗe da gani. Sau uku abokan hamayya suka ruga daga matsaya zuwa matsaya, Lawali ya yunƙura zai miƙe ya jefa ƙwallon ta riga su isa, gwiwa ta ƙi. Ya miƙe, amma a makare.

Da sanyi ya shigo, Mushe Rene ya kira ni biro ɗinsa, wato ofis. Doka ta ƙayyade yawan baƙin da kowace ƙungiya za ta saka, kuma gurabenmu a cike suke. Ya nuna mini hoton bidiyo na wani saurayi ɗan Benezuwela, mai kamu, wanda ke tashi daga tsugune kamar an taka maciji. Ya ce:

"Wannan yana son zuwa. Amma sai an buɗa masa wuri."

Na ce, "Lawali ne ke riƙe da masu jifana."

"Na sani, ina kuma ganin girmansa. Ba zan tilasta ka ba. Kai ne mai horarwa, jerin sunayen naka ne. Abin da ka kawo mini ranar Litinin shi zan sa wa hannu."

Ku lura da wannan. Shekaru da yawa ina gaya wa kaina cewa shugaba ne ya matsa mini. Bai matsa mini ba. Dattijon nan ya bar mini zaɓi, kuma da na kawo masa sunan Lawali da ya sa hannu bai ce uffan ba.

Ranar Asabar da hantsi ina zaune a teburin cin abinci da takardar a gabana, uwarku ta dawo daga kasuwa. Ta ajiye kaya ta leƙa ta kafaɗata. Ita mai saurin karatu ce. Ta ce:

"Baban Nafisa, ban ga sunan Yaya Lawali ba."

"Ban gama ba tukuna."

"Ka gama. Ga layi ka ja a ƙasa."

Na fara yi mata bayanin gwiwa, da gudu, da yadda wasa ba ya sanin abota. Ta bar ni na kai aya, tana jera tumatir a firiji. Sannan ta juyo.

"Ni ban san wasanku ba. Abin da na sani, katinsa zai ƙare da damina. In babu kwantira me zai kai wa masu takardu?"

"Zai samu aiki a sito. Ga su nan birjik a bayan gari."

"Mai gwiwa irin tasa? To, ka faɗa masa?"

"Zan faɗa masa."

"Ka je yau. Ka zauna a ɗakinsa ka faɗa masa da bakinka. Mutumin da ya bar maka gadonsa bai kamata ya ji wannan a bakin Bature ba."

Na ce to. Na sa riga na fita. Na hau taram na sauka a tasharsu, na tsaya a gindin benensu ina kallon tagarsa, har na ga rigar wasansa da ya shanya. Na yi ta shirya kalmomi suna rushewa. Daga ƙarshe na juya na shiga wani gidan kofi na zauna awa guda, na dawo gida na ce ban same shi ba. Ranar Litinin na kai jerin sunayen. Ranar Alhamis wasiƙar ƙungiya ta same shi a akwatinsa, cikin Faransanci mai ladabi, ana gode masa da hidimar da ya yi.

Ya zo fili ranar Asabar ta gaba don ɗaukar kayansa. Ana yayyafi, yaran na motsa jiki. Na hango shi daga nesa na yi kamar ina duba wani abu a takarda. Ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu. Ya tsaya wurin wani dogon mai jifa da ke yawan sakin kafaɗa, ya gyara masa tsayuwa. Sannan ya iso gare ni, jakarsa a rataye.

"Sani, ina kwana? Ya iyali?"

"Lafiya lau, Yaya. Wallahi al'amarin nan..."

"Na ga takarda. Babu komai. Wannan yaron da za ku kawo, ka gaya masa kada ya riƙa neman jifa mai lanƙwasa wurin dogon nan in ya gaji, hannunsa zai lalace."

Ya tafi. Ya bar mini shawara a kan yarana, ni kuwa ko rakiya zuwa ƙofar fili ban yi masa ba.

Da a nan abin ya tsaya, da zan iya cewa hukuncin mai horarwa ne, kowa na yin sa. Amma akwai na biyu, kuma shi ne wanda ba ya barina barci. Lawali ya nemi aiki a Lyon wata biyu bai samu wanda zai yi masa takarda ba. Ya saki ɗakinsa ya koma tsohon fwaye ɗinmu na Montreuil, wani Bazabarme ya ba shi gefen ɗaki, yana taya wani Alhaji ɗan Maraɗi ɗaure kayan da ake aikawa gida. Aikin hannu da hannu ne, ba na takarda ba. A tsakiyar kakar wasa mai kula da filinmu ya yi ritaya, wanda ke yanke ciyawa da zana layuka da buɗe ƙofa. Ɗaya daga cikin yaran ya gaya wa Lawali. Ya kira ni wata rana bayan la'asar, karo na farko tun rabuwarmu. Bai ja gaisuwa ba.

"Sani, na ji an ce wurin mai gyaran fili ya buɗe. Ni zan iya wannan. In ka yi wa Mushe Rene magana, takardar alkawarin aiki kawai nake buƙata in kai wa masu takardu a Bobigny. Sun ba ni lokaci zuwa ƙarshen wata mai zuwa."

"In sha Allahu, Yaya. Bari mu wuce wasannin nan biyu, zan same shi."

"To, Allah ya ba da sa'a. Ka gaishe da Mariyama da mai sunana."

A duk zamanmu wannan ne abu ɗaya da ya taɓa roƙo a wurina. Magana ce ta minti biyar. Mushe Rene na zuwa fili kowane mako, muna tsayawa kafaɗa da kafaɗa. Sau uku na buɗe baki na fasa. Na gaya wa kaina ina jiran lokacin da ya dace. Gaskiyar ita ce ba na so in shigo fili kowace safiya in tarar da Lawali yana tura injin yankan ciyawa, yana gaishe ni da wannan fuskar tasa da ba ta zargi. Na gwammace ya yi nisa. Ban yi fatan wani mugun abu ya same shi ba, Allah ne shaidata, amma na so kada in gan shi. Kafin in ankara an ɗauki ɗan'uwan wani ɗan kwamiti a wurin, watan kuma ya ƙare. Masu takardu dokarsu suka bi. Suka aiko masa cewa ya bar ƙasa.

Ƙungiya kuwa sai ci take yi. Saurayin Benezuwela ya yi duk abin da aka ce zai yi, ba ni da abin zarginsa. Da kaka muka kai wasan ƙarshe, a gidanmu, muka ci. Yaran suka ɗaga ni sama, Mushe Rene ya yi kuka kamar yaro, aka zo da kofi aka danƙa mini. Abin da na nema shekara ashirin ya shigo hannuna. Na yi murna, ba zan yi muku ƙarya ba, na yi murna ƙwarai. Kwana goma sha ɗaya bayan haka Alhajin nan na Montreuil ya kira ni. Ashe tun kafin wasan an tsayar da Lawali a wata tashar jirgin ƙasa a Paris yana ɗauke da kayan aike, aka nemi takarda, babu. Ya yi makonni a tsare, sannan aka saka shi a jirgi da rigar da ke jikinsa. Kayansa daga baya aka aika masa. Alhajin ya ce:

"Na ce masa in kira ka tun ranar farko, ko za ka samo lauya. Ya ce a bar ka, kana da wasa."

Da na gaya wa uwarku tana guga ne. Ta kashe dutsen gugar, ta ninke rigar da ke hannunta, ta shiga ɗaki. Ba ta yi mini faɗa ba. Wata uku tana ba ni abinci, tana amsa gaisuwata, amma ba ta zauna ta ci tare da ni ba. Kai Lawali ƙarami ka yi ta tambaya yaushe Tonton zai zo, a nan ne na ƙirƙiro muku zancen gajiya da kewar gida. Kofin ya kwana biyu a kan talabijin, wata rana na dawo na tarar uwarku ta saka shi a cikin kabad na takalma. Ban fito da shi ba. A rukuni na ɗaya muka yi shekara biyu ana dukan mu, muka faɗo, sabon shugaba ya sallame ni. Shi ma da wasiƙa. Na horar da ƙananan ƙungiyoyi biyu bayan haka, na ƙarasa aikina ina koyar da motsa jiki a makarantar unguwa. Duk waɗannan shekarun ina da lambar Lawali. Da Sallah uwarku ke kiran Zulai, in ta miƙo mini wayar sai in ce ina alwala.

Shekara goma sha uku suka wuce kafin in je. Na kai gawar wani ɗan'uwanmu Damagaram, a hanyar dawowa na sauka Maraɗi. Shagon yadin babu shi. Ƙanen da ya bar wa ya karkatar da shi zuwa wata sana'a da ba ta yi ba, kuma Lawali ya dawo ba shi da abin tayar da shi. Aka nuna mini gidansa a wata unguwa ta bayan kasuwa. Na same shi a zaure a kan tabarma, yana auna goro da sukari a ɗan tebur, gemunsa ya yi fari fat, sanda a jingine a gefensa. Ya ɗago ya dube ni, kafaɗunsa suka ɗan yi rawar nan.

"A'a, Sani ne? Sannu da zuwa. Ya hanya? Ya Mariyama? Ya mai sunana, ya girma ko?"

Ya yi mini gaisuwa cikakkiya, babu wanda ya tsallake a cikinku. Ya sa aka kawo ruwa, aka kawo fura, daga baya aka kawo shinkafa da zabo. Zulai ta gaishe ni daga bayan labule, ba ta fito ba. Muka yi zancen damina, da tsadar hatsi, da 'yan fwaye waɗanda suka mutu. Ya tambaye ni dogon mai jifan nan, na ce hannunsa ya lalace a shekara ta biyu. Ya girgiza kai kawai. Da rana ta karkata na ga in ban yi magana yanzu ba, ba zan ƙara yi ba. Na sauka daga kujerar da aka ba ni na zauna a ƙasa kusa da shi.

"Yaya, na zo neman gafara. Ni na cire sunanka, ba Bature ba. Kuma maganar aikin fili, ban taɓa yi masa ita ba."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Mushe Rene ya rubuto mini bayan na dawo. Ya ce da ya san ina son aikin da ya ba ni. Ya yi mamaki ba ka gaya masa ba."

Na rasa inda zan sa idona. Ya ɗauki goro ɗaya ya juya shi a hannu.

"Cire sunan ba laifi ba ne, Sani. Gwiwata ce, ni na fi ka sanin ta ƙare. Da ni ne mai horarwa da na cire kaina. Ranar Asabar ɗin nan na hango ka ta taga, kana tsaye a ƙasa. Na ɗora ruwan shayi, na zauna ina jiran ka ƙwanƙwasa. Da ka hau ka faɗa mini, da mun sha shayi mun nemi dabara tare."

Hawaye na zuba, ni da furfurata, a zauren mutane. Ya bar ni na gama.

"Ka daina. Na yafe maka tun ina cikin jirgi, don ba na so in haɗu da Ubangijina da kayan wani a wuyana. Abin da Allah ya rubuta mini a Faransa na ci, na gama. Ka je da zuciya ɗaya."

Na ce ko zan riƙa kira, mu koma kamar da. Ya yi ɗan murmushi.

"Ka riƙa gaishe da yara."

Na tashi tafiya. Ya dafa sandarsa ya miƙe da ƙyar, ya rako ni zuwa bakin zaure, ya tsaya daidai dokin ƙofa. Ya ba ni hannu, ya yi mini addu'ar sauka lafiya. Ku da kuka tashi a nan ba lallai ku gane ba, amma a wurinmu ana auna matsayin baƙo da nisan rakiyarsa. Na ce a raina ƙafar ce, ba zai iya wuce nan ba. Motar da na yi haya tana can bakin titi, na taka ni kaɗai na shiga. Direban ya ɓata lokaci yana sayen ruwa. Ina zaune aka kira la'asar. Sai ga Lawali ya fito, yana dogara sandarsa a hankali, tare da wani maƙwabcinsa suna hira. Suka bi ta gefen motar, suka tsallaka titi, suka nufi masallacin da ke can gaba, nesa da inda nake. Bai waiwayo ba. Wannan ne ganina da shi na ƙarshe. Ya rasu da azumin shekara ta biyu bayan haka, kuma wadda Zulai ta kira ta gaya wa ita ce uwarku, ba ni ba.